Kafin ka ce "a yafe": yadda nake amfani da Littafi Mai Tsarki wajen sasanta mutane

Shekara goma sha ɗaya ke nan ina dattijo a wata ƙaramar ikkilisiya a gefen garin Marwa, a arewacin Kamaru. Da Hausa muke sujada, don ita ce ta haɗa mu. Akwai haifaffun nan, akwai 'yan kasuwa, akwai kuma waɗanda suka tsallako daga wajen Gwoza da Madagali lokacin da Boko Haram ta tashe su, wasunsu sai da suka zauna a sansanin Minawao kafin su shigo gari. Sana'ata sayar da albasa. Abin da na sani na nazarin Littafi, a wajen fastonmu na koya, wanda ya yi karatu a makarantar tauhidi ta Kaele, da kuma littattafan da yake ara mini. Amma abin da ya sa na zauna na koya da gaske, wani kuskure ne da na yi.

Wata shekara cikin Janairu, masakwa ta fid da kai ana jiran girbi, sai shanun wani ɗan'uwa a ikkilisiya suka faɗa gonar wata gwauruwa da dare. Yaron da ke kiwo barci ya ɗauke shi. Kafin gari ya waye sun cinye kusan rabi, sun tattake saura. Wanda ya taɓa dashen masakwa ya san abin da aka yi wa matar nan: ka reni iri, ka bi karal, wato ƙasar lakar da ake dasa ta, da sanda kana huda rami ɗaya bayan ɗaya, ka zuba ruwa, ka dasa, duk cikin zafin Oktoba. Aka kawo maganar gabana. Na zaunar da su biyun, na buɗe Matiyu 18, na karanta mata inda Bitrus ya tambayi Yesu sau nawa zai yafe wa ɗan'uwansa. Mai shanu ya ce ta yi haƙuri. Na ce mu yi addu'a. Muna cewa amin ta ɗago kai ta ce, "Baba, na yafe. To yaran nan huɗu me za su ci kafin damina?" Ban sami abin ce mata ba. Wata bakwai ba ta taka majami'a ba.

Ayar da na karanta gaskiya ce. Sai dai na fara da ita, alhali ita ce ya kamata ta zo ƙarshe, kuma na ɗora ta a kan wadda aka cuta, na bar wanda ya yi ɓarna ya tashi da hannu sake. Ga yadda nake yi yanzu, ga duk wani fasto, mai bishara, dattijo ko shugabar zumuntar mata da aka kira irin wannan aiki.

Ranar farko kada ka haɗa su, kuma kada ka yi wa kowa wa'azi. Je wurin wanda aka cuta, shi kaɗai. In gona ce, ka je ka taka ta da ƙafarka, ka ga kashin shanun da karan da aka karya. In bashi ne, a nuna maka takarda ko a kira wanda aka yi a gabansa. Sai ka zauna ka saurara. Abokan Ayuba kwana bakwai suka yi zaune a ƙasa ba wanda ya ce uffan, kuma wannan ne kaɗai abin kirkin da suka yi masa; da suka buɗe baki ne suka ɓata. In mutum ya nemi ka karanta masa wani abu, ba shi Zabura ta 13, wadda ta buɗe da tambayar "har yaushe" sau huɗu. Masu nazarin Zabura sun lura cewa waƙoƙin kuka sun fi kowane iri yawa a littafin, har Zabura ta 88 ta ƙare cikin duhu ba tare da kalmar ta'aziyya ba. Allah ya bar su a Littafinsa. 'Yan'uwanmu da aka ƙone wa gidaje a bayan duwatsun nan, na ga yadda Zabura ta 137 ke sa su kuka, har da ayoyinta na ƙarshe masu zafi waɗanda ba ma son karantawa a bagadi. Ba na hana su. Wanda ya kai fushinsa gaban Allah ya fi wanda ya ɓoye shi a ƙarƙashin tabarma tare da adda.

Da ka dawo gida sai ka yi naka shirin. Ni nakan shimfiɗa Littafi uku a tabarma, na Hausa, na Fulatanci da na Faransanci, in karanta surar gaba ɗaya a kowanne. Inda fassarorin suka saɓa, nan ne akwai kalma mai nauyi, sai in tambayi fasto abin da ke cikin Ibrananci ko Helenanci. Tambaya biyu nake riƙewa a kan kowace aya: wa ake yi wa magana, kuma wa ke da ƙarfi a cikin labarin? Da na yi wa Matiyu 18 waɗannan tambayoyi tun farko, da na ga cewa misalin da ya biyo bayan tambayar Bitrus a kan bawa ne da aka yafe masa bashi mai yawa ya je ya shaƙe wanda bai kai shi ba. Gargaɗi ne ga mai ƙarfi.

Kalmar da ta sauya mini komai ita ce wadda Littafinmu ya fassara da "salama". A Ibrananci shalom ce, 'yar'uwar salam ta Larabci, inda muka samo sallamar da muke yi a ƙofar gida. Ma'anarta ta wuce a ce ba a faɗa. Tana nufin abu ya cika, ba ɓaraka, ba gibi. Daga saiwarta ɗaya aka sami kalmar shillem, wato biya, ko mayar wa mutum abinsa. Buɗe Fitowa 22 ka gani, kalmar nan ta biya ce ke ta maimaituwa a dokokin sata da gobara da ajiya. Aya ta 5 kuwa kamar a Marwa aka rubuta ta: in mutum ya saki dabbarsa ta yi kiwo a gonar wani, zai biya daga mafi kyaun amfanin gonarsa. (In Littafin Faransanci ke hannunka, a wasu fassarorin ita ce aya ta 4, kada ka ruɗe.) Ranar da fasto ya nuna mini wannan, a zauren gidansa, na daɗe ban yi magana ba. Ashe a harshen da aka rubuta Tsohon Alkawari, salama da biyan diyya 'yan ɗaki ɗaya ne. Annabi Irmiya kuma, a sura 6 aya 14, ya yi kuka da annabawa da firistocin da ke yi wa raunin jama'a magani sama-sama suna cewa salama, salama, alhali babu. Ni ne wannan a ranar gwauruwar nan.

Saboda haka wanda za ka fara buɗe wa Littafi shi ne wanda ya yi ɓarna. Je gidansa bayan magariba, lokacin da ba idon mutane, ka kiyaye masa mutunci. Ka fara da Matiyu 5:23-24. Yesu ya ce in kana miƙa baiko a bagadi ka tuna ɗan'uwanka yana da wata magana game da kai, ka ajiye baikon, ka je ku shirya tukuna. Ka sa shi ya lura da abu biyu. Na farko, wanda ake ƙara a kansa shi aka ce ya tashi, ba a ce ya jira a zo masa ba. Na biyu, bagadi ɗaya ne a lokacin, a Haikalin Urushalima, masu sauraron Yesu kuwa mutanen Galili ne, tafiyar kamar kwana uku a ƙasa. Ke nan mutum ya bar ragonsa, ya koma gida, ya shirya da ɗan'uwansa, ya sake dawowa. Tsadar sulhu ke nan a bakin Yesu. In ya ce ai dokar Fitowa ta Yahudawa ce, mu muna ƙarƙashin alheri, kai shi Luka 19. Zakka ya tashi tsaye ya ce zai mayar ninki huɗu ga duk wanda ya zalunta, kamar yadda Fitowa 22 ta yanka wa ɓarawon tunkiya, sannan Yesu ya ce yau ceto ya sauka a gidan nan.

Labarin da ya fi kama masu dabbobi shi ne na Yakubu da Isuwa, Farawa 32 da 33. A nan nake daɗewa, ba na gaggawa. Ka sa shi ya ƙidaya da kansa abin da Yakubu ya kora gaba: awaki 200 da bunsuru 20, tumaki 200 da raguna 20, raƙuma masu shayarwa 30 da 'ya'yansu, shanu 40 da bijimai 10, jakuna mata 20 da maza 10. Dabba 550 ke nan, ban da 'ya'yan raƙuma. Makiyayi yana jin wannan zai girgiza kai, don ya san garke ne sukutum. Sai ka kai shi sura 33 aya 11. A ayoyin baya Yakubu yana kiran dabbobin kyauta, amma a nan Ibrananci ya ce beraka, albarka: "karɓi albarkata." Abin da ya sace wa wansa shekara ashirin da suka wuce, shi ya ambata da sunansa yana mayarwa. Ya rusuna har ƙasa sau bakwai. Isuwa ya sheƙo a guje ya rungume shi. Mai shanun nan da nake ba ku labari, da muka kai wurin, ya rufe Littafin ya ce, "Baba, buhu nawa ne?"

Kada kai ka yanka adadin. Nemo manoma biyu da kowane ɓangare ya yarda da su, su je su kimanta abin da gonar za ta ba da in da ba a taɓa ta ba. In ya yiwu a biya da hatsi, don kuɗi na narkewa, farashin dawa kuma ba ya tsayawa wuri ɗaya tsakanin Fabrairu da Agusta. A sa rana. A rubuta a takarda, shaidu su sa hannu, kowa ya riƙe tasa. Wasu na cewa rubutu tsakanin 'yan'uwa rashin yarda ne. Ni na ga zumuncin da rashin rubutu ya kashe. Bulus ma da ya mayar da bawan nan Unisimas wurin ubangidansa Filimon, ya ce in akwai bashi a ɗora a kansa, ya ƙara da cewa shi Bulus ya rubuta da hannunsa, zai biya. Akwai darasi a nan ga mai sasantawa: wani lokaci wanda ya yi ɓarna ba shi da abin biya duka, sai kai da ikkilisiya ku sa hannu a aljihu ku cike gibin. A namu lamarin, buhu shida aka kimanta. Mai shanu ya kawo huɗu, zumuntar maza ta haɗa ɗaya, na kawo ɗaya, domin ni ma ina da nawa laifin a wurinta, kuma na faɗa mata haka a gaban shaidu.

Sai an kai nan nake komawa ga maganar gafara. Yanzu ka buɗe Matiyu 18:21-22, amma ka haɗa ta da Farawa 4:24. A can Lamek, wani daga zuriyar Kayinu, yana yi wa matansa kirari cewa ya kashe mutum don ya yi masa rauni, in za a rama wa Kayinu sau bakwai, shi sau saba'in da bakwai. Kalmomin Helenancin da Matiyu ya rubuta su ne daidai waɗanda ke cikin tsohuwar fassarar Helenanci ta wannan aya, shi ya sa wasu fassarori ke cewa saba'in da bakwai, wasu bakwai sau saba'in. Yesu ya ɗauki lissafin ramuwar Lamek ya juya shi. Abin da ake roƙon wanda aka cuta ya ajiye shi ne ramuwa, wato ya ƙi zuba wa shanun guba, ya ƙi gadar wa 'ya'yansa gaba. Ba a ce ya ajiye haƙƙinsa ba, ba a ce ya yi kamar ba a yi ba. Gafara mutum ɗaya na iya yin ta a zuciyarsa. Sulhu sai da biyu. Bulus ya san haka, shi ya sa a Romawa 12:18 ya sa sharaɗi: in mai yiwuwa ne, iyakar abin da ke hannunku.

Lalle wani zai kawo maka maganar juya kunci, ka shirya mata. Matiyu 5:39 ya ce kuncin dama. In mutum na fuskantarka ya mare ka da hannun dama, a kuncin hagu zai same ka. Kafin ya sami na dama sai da bayan hannu, marin wulaƙanci, irin na ubangida ga bawa. Mishna, littafin dokokin malaman Yahudawa da aka tattara wajen shekara ta 200, ta sa tarar zuz (kuɗin azurfa na zamanin) 200 a kan mari, 400 a kan marin bayan hannu. Wani masani ɗan Amurka, Walter Wink, ya gina bayani a kan wannan, cewa juya ɗaya kuncin tsayawa ne da mutunci, ba ramuwa ba gudu. Akwai masanan da ke ganin ya ja zaren ya yi tsawo, kuma Luka bai ambaci dama ba. Ni abin da na riƙe shi ne, ayar tana magana a kan yadda za ka amsa cin mutunci ba tare da ka zama irin mai cin mutuncin ba. Yesu da kansa, da aka mare shi a gaban babban firist, ya tambaya don me aka mare shi (Yahaya 18:23). Haramun ne a ɗauki wannan aya a mayar da matar da mijinta ke duka ɗakin da za a kashe ta.

Akwai abin da ba na zauren sulhu ba ne. Fyaɗe, kisa, dukan da ya fid da jini, taɓa yaro: a kai asibiti, a kai gaban hukuma, sannan ikkilisiya ta tsaya tare da wanda aka cuta. Karanta 2 Sama'ila 13. Amnon ɗan Sarki Dawuda ya yi wa 'yar'uwarsa Tamar fyaɗe, ɗan'uwanta Absalom ya ce mata ta yi shiru, ai ɗan'uwanta ne, Dawuda ya husata amma bai yi komai ba. Bayan shekara biyu Absalom ya sa aka kashe Amnon, daga nan gidan Dawuda bai sake zama daidai ba. Rufin asirin da muke kira zaman lafiya, a nan ya kai su.

Yawancin rikicin gona da ruwa a ƙasar nan ba tsakanin Kirista da Kirista yake ba. Kowa ya tuna abin da ya faru a Logon-Birni cikin 2021, a watan Agusta sannan a Disamba, tsakanin Musgum masunta da Larabawan Shuwa makiyaya. Ruwa ya ja baya, masunta suka haƙa manyan ramuka don tare ruwa da kifi, shanu suna faɗawa ciki. Wutar ta kai har Kusiri, dubban mutane suka haye kogi zuwa Chadi. Wanda ya karanta Farawa 26 bayan wannan, zai ga makiyayan Gerar da na Ishaku suna jayayya a kan rijiya, har aka sa wa ta farko suna Esek, wato gardama, ta biyu Sitna, wato gaba, sai ta uku da ba a yi faɗa a kanta ba ya kira ta Rehobot, wuri mai faɗi. A ƙarshen surar aka yi rantsuwa, aka ci abinci tare, suka rabu da salama. Wannan karatu na mutanenka ne, ka yi musu shi a majami'a kafin a fita. In ɗaya ɓangaren Musulmi ne, kada ka shiga zauren da Littafi a hammata kamar ka zo wa'azi. Bi ta hannun jauro ko lawan, wato mai unguwa ko dagaci, a gayyato limamin unguwa, ka ba shi girmansa. Wani malami maƙwabcina a kasuwa, da na ba shi labarin Fitowa 22, ya ce, "Ai Malam, mu ma muna da shi," ya karanto mini Suratul Anbiya aya ta 78, inda Annabi Dawuda da Annabi Sulaiman suka yi hukunci a kan gonar da tumaki suka yi wa ɓarna da dare. Tun ranar, in rikici ya haɗa mutanensa da nawa, tare muke zuwa, kowa ya yi wa nasa magana da littafinsa. Baba Simon, limamin Katolikan nan da ya zauna a Tokombere yana yawo ba takalmi har zuwa rasuwarsa a 1975, har yau Kirista da Musulmi da masu addinin gargajiya na ambatonsa da alheri, domin ya zauna da kowa ya saurara kafin ya yi magana.

Ranar haɗuwa, ka zaɓi wurin da ba na ɗayansu ba. Wanda aka cuta shi zai fara magana, kada a katse shi. Wanda ya yi ɓarna ya faɗi abin da ya yi da bakinsa, da sunansa. "In na yi kuskure a yafe mini" ba ta isa ba, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. A kawo abin biyan a gani. Kada ka tilasta runguma, kada ka tsayar da su gaban jama'a ranar Lahadi don a tafa. Ka tuna ko Yakubu, bayan kukan da rungumar, bai bi Isuwa zuwa Seyir ba, Sukkot ya nufa, sai jana'izar mahaifinsu ta sake haɗa su.

Bayan mako biyu ka koma gidan kowannensu, ka sake komawa bayan girbi, ka tambaya ko an cika alkawari, ko yara na gaisawa a hanya, ko an ɗaure shanun da dare. Mai shanun namu ya sauya wa garkensa makwanci, ya ƙara babban mutum a kan yaron kiwon. Gwauruwar ta dawo sujada cikin watan Agusta. Tana zama a layin baya ta wajen taga, suna gaisawa da matarsa a bakin ƙofa, amma har yanzu ba ta taɓa shiga gidansu ba, ni kuma ban ce mata ta shiga ba.